Aku mai cizo da tsigar gashi: daga ina za a fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da aku mace, nau'in Ekilektus, shekararta uku da 'yan watanni. Yayana ne ya bar mini ita da zai yi ƙaura, kuma yadda ya saba ciyar da ita haka na ci gaba: irin sanfulawa da gyaɗa cike da kwano, ɗigon bitamin a ruwan sha, da wani koren gari da aka ce yana gyara gashi. Da can tana da haƙuri, har kwanciya take yi a cinyata ina shafa bayanta. Wata biyu ke nan ta sauya. Da na buɗe keji sai ta sauko ta shige ƙarƙashin kujera, duk wanda ya miƙa hannu ta cije shi. Sau biyu tana fasa mini yatsa. Ta tsige gashin ƙirjinta, kuma da dare nakan ga yatsun ƙafarta suna buɗewa suna rufewa da kansu. Ihun yamma kuwa ba a magana. Maigidana ya ce in ba ta gyaru ba a bayar da ita, ni kuma ina sonta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika rubuto tun abin yana wata biyu, domin tsigar gashi in ta shekara takan zama ɗabi'a mai wuyar bari. Ruwa ba ya tsami banza. Tsuntsuwarki ba mugunta ta koya ba, kuma ba tsanarki ta yi ba. Abin da kika lissafa ya fito ne daga wurare uku: kwanon abincinta, ƙarƙashin kujerar nan, da shafar bayan da kike yi mata. Duk ukun a hannunki suke, amma akwai abin da ya kamata ya riga su.

Ki kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya saba da tsuntsaye, cikin makon nan in da hali. Tsigar gashi da motsin yatsu suna iya fitowa daga abinci, suna kuma iya zama alamar ciwon hanta, ƙarancin kalsiyam, gubar dalma ko tutiya da ta gatsa a jikin waya ko kwaɗon keji, ko cutar ƙwayar bairos da ke lalata gashi da bakin aku. Ba a rarrabe waɗannan da ido. Ki nemi a ɗebi jini a duba hanta da kalsiyam da ƙarfen nan biyu, a leƙa cikin bakinta, a taɓa cikinta ko akwai ƙwai. Ki tafi da kwalbar bitamin da garin nan likita ya karanta abin da ke jikinsu, ki kuma ɗauki bidiyon yatsun da wayarki, don da wuya su yi motsin a gabansa. Idan kuwa kika gan ta a ƙasan keji ta kumbura gashi, wutsiya na ɗagawa tana sauka da kowane numfashi, ko tana yunƙuri kamar mai son yin kashi ba ya fitowa, to ba maganar mako ba ce, a ranar za ki kai ta. Tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa.

Abu na biyu, ki samo ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Ki ɗora ɗan itace ko kwano a kai, ki mayar da shi sifiri, ki auna ta kowace safiya bayan ta yi kashin farko, kafin ta ci komai, ki rubuta. Ekilektus yakan kai tsakanin giram 350 da 550, ya danganta da yankin da asalinsa ya fito: na tsibiran Solomon ƙanana ne, na arewacin Ostireliya su ne manya. Don haka kada ki auna ta da nauyin akun wani, nauyinta na yau shi ne ma'auninki. Sai an yi kwana bakwai ana aunawa sannan a taɓa abinci. Mun matsa a kan wannan ne saboda aku yana iya zama gaban kwano cike da abincin da bai sani ba yana ramewa, gashi ya rufe ramar, mai shi bai ankara ba.

Sanin yadda irinta ke rayuwa a daji zai sauƙaƙa miki fahimtar sauran bayanin. Asalinsu dazuzzukan Niyu Gini ne, da tsibiran Solomon, da tsibiran Maluku na Indonesiya, da yankin Kef Yok a Ostireliya. Namiji kore ne shar, saman bakinsa ruwan lemo. Mace ja ce mai shuɗi ko shunayya a ciki, bakinta baƙi. Bambancin ya kai har masana na farko suka ɗauke su tsuntsaye iri biyu. A saman bishiyoyi suke kiwo, suna cin ɓaure da sauran 'ya'yan itatuwa, da furanni, da tohon ganye, da ɗanyen iri. Robert Heinsohn na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya ya yi shekaru yana bibiyarsu a Kef Yok, kuma aikinsa ya nuna cewa kogon bishiya mai kyau, wanda ruwa ba ya cika shi, abu ne mai wuyar samu. Macen da ta samu takan zauna a bakinsa har wata goma sha ɗaya a shekara tana gadi, maza suna kawo mata abinci, wani lokaci maza da yawa ga mace ɗaya, kuma tana faɗa mai tsanani da duk wadda ta zo ƙwace mata. Tsuntsuwarki ta balaga, ta sami wuri mai duhu da ƙunci a ƙarƙashin kujera, ga abinci mai maiƙo ba ya yankewa, ga wadda ke shafa mata baya kullum. A wurinta ta sami kogo, kuma hannun da ya shigo hannun mai ƙwace ne.

Mu koma kan kwano. Sanfulawa da gyaɗa kusan rabin nauyinsu mai ne, ba su da bitamin A na kirki, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Akun da ya shekara a kansu yakan tara kitse a hanta, fatarsa ta bushe, cikin baki da hanci su yi rauni har ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, shi ya sa ake ganin atishawa da toshewar hanci da fararen tabo a baki. Jan gashin mace yakan dusashe ko ya yi baƙi-baƙi a gefe. Gyaɗa kuma tana da nata haɗarin daban, musamman mai ɓawo da ta sha damshi a ajiya, domin fumfunar da ke kama ta tana fitar da guba mai cin hanta. Mu dai a ganinmu ki cire gyaɗa gaba ɗaya, babu abin da take ba ta wanda wani abinci ba zai ba ta ba.

Ga tsarin da muke ba da shawarar a nufa. Da safe kwano ɗaya na ɗanyen abinci yankakke ƙanana-ƙanana, kimanin giram 100 zuwa 130, da sanin cewa wani kaso a ƙasa zai ƙare, haka aku yake ci. Fiye da rabin kwanon ya zama kayan lambu, a fi ba da ƙarfi ga masu launin lemo da ja da kore mai duhu: karas, kabewa, dankali mai zaƙi mai jan ciki, jan tattasai, burokoli, koren wake, ganyen latas mai duhu. Karas da kabewa da dankali a ɗan turara su su yi laushi, sun fi narkewa a haka, a bari su huce sarai. Waɗannan ne ke ɗauke da sinadarin da jikinta ke juyawa ya zama bitamin A daidai buƙatarta, ba tare da ya yi mata yawa ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama 'ya'yan itace: gwanda har da 'ya'yanta, mangwaro, gwaiba, rumman, ɓaure, kankana. Ayaba da inabi sukari ya yi musu yawa, a riƙa ba da su jefi-jefi. Ragowar kwanon kuma dafaffen hatsi da wake ko tsiro. Barkono ba ya yi wa tsuntsu yaji, da yawansu ma suna sonsa, sai dai ki kula in ta ci kada ta goga miki baki a fuska.

Da yamma cokali ɗaya zuwa biyu na abincin kamfani na ƙwaya-ƙwaya da ake kira felet, wanda ba a rina shi da launi ba, tare da ɗan ragowar kayan lambu sabon yanka. Masu kiwon Ekilektus sun rabu a kan felet: wasu ba sa ba da shi ko kaɗan, wasu likitoci kuma suna son ya fi haka yawa. Abin da ya sa muke barin kaɗan shi ne ɗanyen abinci zalla ba ya ɗauke da bitamin D3, kuma tsuntsun da ke zaune cikin ɗaki ba ya samun hasken rana da zai haɗa nasa, domin gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata. Babu bitamin D3, kalsiyam ba ya shiga jiki ko da an ci shi. In kina iya fitar da ita cikin keji a rufe ta sha hantsi na minti 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a mako, rabin kejin a inuwa, kina tsaye a wurin, to ya fi kowane ɗigo amfani.

Tsiro yana da sauƙin yi, kuma shi ne gadar da ta fi saurin ƙetarar da mai cin iri zuwa ɗanyen abinci, don siffarsa ba baƙuwa ba ce a wurinta. Ki ɗebi cokali biyu na adas, wani ƙaramin wake mai faɗi, ko ƙananan koren waken da ake kira mung, ko alkama, ki wanke, ki jiƙa na awa 8 zuwa 12, ki tsane a matsami, ki riƙa ɗauraye shi sau uku a rana. Cikin kwana biyu zai fito da ɗan farin baki, a lokacin ya fi kyau. In ya yi yauƙi ko ya canza wari, ki zubar, kada ki yi tausayinsa. Manyan wake kuwa ba a ba da su ɗanye ko a tsire. A jiƙa su kwana guda, a zubar da ruwan, a tafasa su sosai su nuna luguf, domin ɗanyen wake yana da guba da wuta ce kawai ke kashe ta. Ba gishiri, ba mai, ba kayan ƙamshi. Duk ɗanyen abinci a kwashe shi bayan awa uku zuwa huɗu, in ana zafi bayan awa biyu, a wanke kwano da sabulu.

Yadda za a yi sauyin shi ne inda mutane suka fi kuskure. Kada ki kwashe iri rana ɗaya ki ce yunwa za ta sa ta ci. A makon farko ki auna irin da take cinyewa da gaske a yini, ba wanda kike zubawa ba. Daga nan ki daina barin kwanon iri ya kwana ya wuni a keji. Da safe, lokacin da ta fi jin yunwa, ki sa ɗanyen abincin da ɗan iri kaɗan a cakuɗe ciki, yadda dole sai bakinta ya taɓa kabewa kafin ta tsinci sanfulawa. Bayan awa biyu ko uku ki ba ta rabin irinta, sauran rabin da yamma. Kowane mako ki rage kashi ɗaya cikin huɗu, in sikeli ya yarda. In ta rasa fiye da kashi 3 cikin 100 na nauyinta a mako guda, wato kamar giram 12 ga mai giram 400, ki tsaya a inda kike sai nauyi ya daidaita. In ramar ta kusa kashi 10 cikin 100, ki mayar mata da abin da ta saba ki kira likita. Ki riƙa cin gwanda ko karas a gabanta kina nuna kina jin daɗi, aku yana kwaɗayin abin da ya ga ana ci. Wanda ta ƙi a yanke, ki gwada shi a gurje, ko babban yanki a soke jikin keji. Wata takan karɓa cikin mako biyu, wata sai wata uku. A ƙarshe sanfulawa za ta koma ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma ba a kwano ba, daga hannunki a matsayin lada.

Kashinta zai sauya, kada ki tsorata. Mai cin 'ya'yan itace yana yin kashi mai ruwa-ruwa, kuma jan tattasai ko rumman sukan rina shi. Abin dubawa shi ne farin ɓangaren: in ya koma rawaya ko kore, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta, ko kika ga iri ya fito ɗungurungum bai narke ba, ko kashin ya ragu ƙwarai, wannan na likita ne.

Ɗigon bitamin da koren garin nan kuwa, ki dakatar da su yau, ba sai an jira sauyin abinci ba. Muna kyautata zaton garin sifirulina ne, wato wani koren gansakuka na cikin ruwa da ake busarwa a sayar a matsayin ƙarin abinci. An san Ekilektus da wannan buɗewa da rufewar yatsu, wani lokaci tare da fizgar fiffike, kuma masu kiwo da likitoci sun sha ganinsa ga tsuntsayen da ake tara musu ƙarin bitamin, da sifirulina, da abinci mai rini, sun kuma sha ganin ya lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan an janye su. In bai lafa ba, gwajin jinin nan ne zai nuna hanya. Bitamin a ruwa ma dai ba dabara ba ce: ba ki san nawa ta sha ba, yana lalacewa da haske, yana kuma sa ruwa saurin ɓaci. Ruwa zalla, a canza sau biyu a rana, domin suna son tsoma abinci a ciki. In gwaji ya nuna tana buƙatar kalsiyam, likita ya faɗi adadi.

Akwai abubuwan da ko ɗanɗano ba a ba ta: fiya, cakulan, gahawa da shayi, giya, albasa da tafarnuwa, 'ya'yan cikin tuffa, soyayyen abu da mai gishiri. Iska ma abin kula ce, don huhun tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba. Kaskon da aka shafe da Teflon, wato shafen da ke hana abinci kamawa, in ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe aku cikin mintuna, ko da ba a ga hayaƙi ba. Haka maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, hayaƙin taba, da turare mai hayaƙi. Kejinta ya yi nesa da kicin.

Sai maganar kogo. Ki toshe ƙarƙashin kujerar nan gaba ɗaya, da katako ko abin da ba za ta iya turewa ba, ki bi ɗakin ki duba sauran wuraren: bayan labule, cikin durowa, kwali, ƙarƙashin gado, har da cikin mayafi ko bargo a cinyarki. In akwai ɗan tanti ko akwati a keji, a cire. Muddin tana da wuri ɗaya mai duhu da take ganin nata ne, duk horon da za ki yi mata ba zai kama ba. Kwanaki na farko za ta yi ta zagaye tana nema, ihu ma zai iya ƙaruwa, wannan yana wucewa. Ki samar mata sandar tsayawa mai tsayi a wajen keji inda za ta riƙa zama in an fito da ita, ki daina barinta tana yawo a ƙasa.

Shafar baya ita ce mai wuyar bari, mun sani, domin ita ce lokacin da kike jin kusanci da ita. Amma a wurin aku balagagge, taɓa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya aikin abokin barbara ne. Kina kunna mata abin da ba za ki iya cika mata ba, abin ya koma takaici da cizo da tsigar ƙirji. Ki tsaya a kai da wuya kawai, in ma tana so. Ekilektus da yawa ba su damu da sosa kai ba, sun fi son a zauna kusa da su ana yi musu magana. In ta durƙusa ta ɗaga wutsiya, ko ta fara girgiza kai tana amayo miki abinci, kada ki tsawata, ki mayar da ita kan sandarta a hankali ki ba ta abin gatsa. A wannan lokacin kuma ki guji ba ta abinci mai ɗumi mai laushi daga hannu ko cokali, ya yi kama da abin da namiji ke ba ta.

Barci ya zama awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru, lokaci ɗaya kullum. Akun da ke falo ana kallon talabijin har tsakar dare ba ya samun haka ko an lulluɓe keji. Ƙaramin kejin kwana a wani ɗaki yana warware matsalar. Rashin barci kaɗai ya isa ya mayar da tsuntsu mai haƙuri mafaɗaci.

Tana iya yin ƙwai ko babu namiji, yawanci biyu. In ta yi, kada ki kwashe nan take, don jikinta zai sake yin wasu ya maye gurbi, kalsiyam ɗinta ya ƙare. Ki bar mata su a ƙasan keji, ba sheƙa ba shimfiɗa, ta yi kwancinta kusan kwana 28 har ta gaji ta bari, sannan ki ɗauke. In ƙwan ya zama na kai-a-kai, akwai allura da wani ɗan abu da likita ke dasawa ƙarƙashin fata don kwantar da sha'awar, amma ba sa ɗorewa in ba a gyara gida ba.

Game da cizo, akwai wata ɗabi'ar Ekilektus da ke yaudarar mutane. In ya tsorata ko bai yarda ba, sau da yawa ba ya gudu, sai ya sandare ya yi shiru yana kallo. Mai shi ya ɗauka natsuwa ce, ya miƙa hannu, ya sha cizo, ya ce ba gargaɗi. Gargaɗin shi ne sandarewar. Ki ƙara da ƙwayar ido tana tsukewa tana buɗewa da sauri, gashin wuya ya tashi, kai ya yi ƙasa, baki a ɗan buɗe. In kin ga haka ki janye ki dawo bayan minti biyar. Duk cizon da aka kauce masa riba ce, domin kowane cizo da ya kori hannu yana koya mata cewa cizo yana aiki.

Na makonni masu zuwa ki ajiye hannu, ki yi aiki da sanda mai kaurin yatsa biyu, tsawon kamu biyu. Ki fara tana cikin keji: ki nuna mata ɗan siririn tsinke ta tsakanin wayoyi, da zarar ta taɓa bakinsa da bakinta ki ce «yawwa» ki ba ta rabin ƙwayar sanfulawa a cokali. Kalma ɗaya kullum, kuma lada ya biyo cikin daƙiƙa biyu, in ya yi jinkiri ba za ta haɗa shi da abin da ta yi ba. Minti uku zuwa biyar, sau biyu a rana, kafin cin abinci. In ta gane, ki riƙa matsar da tsinken tana binsa daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan ki sa sandar a gabanta daidai ƙirji, tsinken a bayan sandar, yadda sai ta taka sanda za ta kai gare shi. Ƙafa ɗaya lada, ƙafa biyu lada, sannan ɗagawa kaɗan a mayar. Yanzu kina da hanyar ɗauke ta daga ko'ina ba jini. Komawa hannu sai an yi mako biyu tana hawa sanda ba gardama, kuma kada ta hau kafaɗa tukuna, fuska ba wurin gwaji ba ce. In cizo ya auku, ki sauke ta a wuri mafi kusa ba ihu, ki juya baya na rabin minti. Duka, ko ɗalle baki, ko watsa ruwa, ko girgiza keji, ba abin da suke koya mata sai tsoron hannu, kuma tsoron hannu shi ke haifar da cizo mafi muni.

Ihun safe da na yamma na 'yan mintuna halittarsu ce, kiran 'yan'uwa ne kafin a kwanta, ba za a kashe shi ba. Abin da ake ragewa shi ne ihun neman a zo. Ki riga ta: rabin awa kafin lokacin da ta saba farawa ki ba ta abincin yamma a ɓoye cikin abin da sai ta wahala. Ki zaɓi wani sauti mai daɗi da take yi, fito ko kalma, duk sanda ta yi shi ki amsa daga inda kike, ki zo in kin samu dama. In ta yi ihu kuwa, ba amsa, ba leƙowa, ba «yi shiru», don tsawa ma amsa ce a wurinta. Ihun zai ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya ragu, kuma in mutum ɗaya a gidan ya gaza ya amsa a lokacin, ya koya mata cewa dogon ihu ne ke biya. Saboda haka ki yi wa kowa bayani tun kafin a fara.

Gashin ƙirji shi zai fi daɗewa. Tsuntsuwar dajin ruwa ce, busasshiyar iska tana sa mata ƙaiƙayi, don haka wanka sau uku ko huɗu a mako da ruwa zalla mai ɗan ɗumi, a fesa sama ya sauko mata kamar yayyafi, da safe don ta bushe kafin dare. Kada a shafa mata mai ko man shafawa, yana damƙe gashi ya ƙara mata dalilin tsiga. Ki ba bakinta aiki: ɗanyen reshe mai ɓawo daga bishiyar da aka tabbatar ba ta da guba kuma ba a yi mata feshi ba, masara a jikin totuwa, rumman da aka tsaga biyu, ƙwayar almon, wata ƙwaya mai kama da babbar gyaɗa, a naɗe cikin farar takarda a cusa tsakanin wayoyi. A daji yawancin yinin aku a neman abinci yake tafiya, a keji kuwa minti ashirin ta ƙoshi, sauran yinin sai gashinta. Sabon abin wasa a fara ajiye shi nesa da keji kwana biyu ko uku tana ganinsa, don ba sa son a yi musu ba-zata. In kin gan ta tana tsiga kada ki ruga kina hana ta, kulawar da take samu a nan tana ƙarfafa abin. Sabon gashi yana fitowa kamar ƙaya cikin kube, yana ƙaiƙayi, za ta iya cire na farko; wanka yana taimakawa a wannan gaɓar. Inda aka daɗe ana tsiga har saiwar ta mutu ba ya sake fitowa, amma wata biyu bai kai nan ba. In ta fara fasa fata har jini, a koma wurin likita a ranar.

Maigida kuma yana da gaskiyarsa, gida mai ihu da cizo ba daɗi. Ki nemi ya ba ki wata uku, ki nuna masa littafin da kike rubuta nauyi da adadin cizo da tsawon ihu a kowace rana, don ya ga sauyi da idonsa. Ki roƙe shi ya zama shi ne mai ba ta ƙwayar almon ɗaya a cokali kullum in ya shigo, ba tare da ya nemi taɓa ta ba. Aku da ya saba da mutum biyu ya fi wanda ya maƙale wa mutum ɗaya sauƙin zama. Motsin yatsu ne ake sa ran ya fara lafawa, cizo ya biyo baya cikin mako huɗu zuwa shida bayan an toshe kogo an gyara barci, gashi kuma sai an haɗa da watanni. Irin wannan tsuntsu yana kai shekara 30 ko fiye a hannun mai kula, kuma lokacin sha'awar nan zai riƙa dawowa, sai dai da sauƙi in gida ya riga ya daidaita. In wata ukun suka cika kuka ga dole a bayar da ita, a ba wanda ya taɓa riƙe aku, a haɗa masa da littafin, da sakamakon gwajin jini, da sandar da ta saba hawa.